Fura Abinci Ce Ko Abin Sha? Musun da Ba Ya Ƙarewa a Majalisun Kano

Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, akwai musun da ya girmi na ƙwallo da na siyasa a majalisun Kano, kuma shi ba ya ɓata zumunci. Wani zai ce yau bai ci komai ba tun safe, fura kawai ya sha. Na kusa da shi sai ya tare shi: "Haba Malam, ka shanye ƙwarya guda sannan ka ce ba ka ci komai ba?" Shi kuwa ya ce, "To ai sha na yi, Alhaji. Ka taɓa jin an dama fura an ce a zo a ci?" Daga nan majalisa ta rabu biyu. Kafin a kira magariba an taɓo koko da kunu, an bi ta kan waina da masa, an tsaya cak a kan ko gurasa burodi ce.

Cikin raha ake yi, amma tambayar da ke ƙarƙashin musun ta gaske ce: da wane ma'auni Bahaushe yake raba abincinsa gida-gida? Wanda ya ce da kayan haɗi ne zai sha wuya, domin gero ɗaya ne ke zama fura, ya zama koko, ya zama kunu, ya zama tuwo, ya zama waina, ya zama burabusko. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne, aikin da hannu ya yi a madafa shi ke raɗa suna, tuƙi ne ko damu, toyi ne ko gashi ko turare. Bayansa sai aikin da baki zai yi. Inda waɗannan biyun suka gaza, ido ne ke yanke hukunci.

Mu fara da bakin, tunda nan mai fura ya fake. Kalmar "sha" a Hausa ta fi ruwa faɗi. Ana shan lemo da mangwaro da kankana da rake, amma ana cin ayaba da dabino da goro. Rake kuwa ya fi ayaba wahalar da haƙori nesa ba kusa ba, sai dai abin da ake nema a jikinsa ruwan ne, tuƙar tofarwa ake yi. Ana shan alewa saboda narkewa take yi. Ana shan magani ko da ƙwaya ce, saboda haɗiya ake yi ba tauna ba. Ana shan fate, alhali tsaki ne da ganye da manja, wanda zai riƙe ƙato tun hantsi har yamma. Ke nan "sha" yana faɗin yadda abu ke wucewa ta maƙogwaro ne kawai, ba ya cewa komai a kan ko abin zai kashe yunwa.

Garin kwaki ya ishe mu shaida. A jiƙa shi da ruwan sanyi, a sa sukari da gyaɗa, an sha gari. A kwaɗa shi da ƙuli da mai da albasa, an ci kwaɗon gari. A zuba shi a ruwan zafi a juya, an ci teba. Gari ɗaya, kwano ɗaya.

Ita kanta furar haka take. A dubi yadda ake yin ta: a surfa gero, a wanke, a bar shi ya tsane, a niƙa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. A yayyafa wa garin ruwa a dunƙula manya-manya, a jefa a tafasasshen ruwa ya dahu kamar rabin awa. A tsame da zafinsa a zuba a turmi a kirɓa har ya yi danƙo, sannan a cura, a birgima curin a cikin gari don kada ya manne wa ɗan'uwansa. Idan dunƙulen bai dahu har ciki ba, furar za ta yi gari-gari a baki, ta ƙi haɗuwa da nono. Idan kirɓin bai isa ba, sai a yi ta fama da ludayi ana murza gudaji a gefen ƙwarya. Wannan curin, kafin a dama shi, wanda ya gutsura ya kai baka ci ya yi. Nono da ludayi ne suka mayar da shi abin sha. Saboda haka a nan ina bayan Alhaji: fura dafaffen hatsi ce da aka kirɓa, ga nono a kai, kuma curi biyu ko uku na riƙe manomi daga azahar zuwa tuwon dare. Abinci ce da ake sha. Wanda ya shanye ƙwarya ba shi da hurumin kukan yunwa.

Musun koko da kunu ya fi wannan sauƙi, ko da yake an fi ɗaga murya a kansa. Kunu gida ne, koko ɗaya ne daga cikin 'ya'yan gidan, sai dai ɗa ne da ya yi suna har ya kafa nasa ƙofar. Abin da ya ware shi tsaminsa ne, da inda tsamin ya fito. Mai koko tana jiƙa gero ya kwana, ta kai markaɗe da kayan yaji, ta tace da kyalle, ta bar shi ya kwanta. Abin da ya taru a ƙasa shi ne gasara, wadda wasu ke kira kamu. Tana kwana tana tsami da kanta, kuma ruwa ba ya tsami banza: ƙananan halittun da ke cikin jiƙon ne ke wannan aiki. Kunun tsamiya kuwa da garin gero ake dama shi, tsaminsa aro ne daga jiƙaƙƙiyar tsamiya. Kunun kanwa ma ba ruwansa da tsami gaba ɗaya. Damun kokon ma akwai ƙa'ida. A dama gasarar da ɗan ruwan sanyi ta yi kauri, sannan a sheƙa ruwan da ke tafasa a lokacin, a zuba shi gaba ɗaya ba da kaɗan-kaɗan ba. Sitacin hatsi ba ya kumbura sai zafi ya kai wajen digiri 70, don haka idan ruwan damun ya yi yawa, ko na zafin ya huce a hanya tsakanin murhu da roba, sai a tashi da farin ruwa tsululu, dole a mayar kan wuta.

Wani abin sha'awa: gudaji a tuwo aibi ne da ake jin kunyar a kai wa baƙo, amma a kunun tsamiya da gangan ake yin su, har akwai masu cewa kunun da babu gudaji bai cika kunu ba.

To ina iyakar kunu da tuwo? A cikin tukunya ɗaya take. Mai tuwo tana fara wa ne da talge: ta dama gari da ruwan sanyi, ta zuba a tafasasshen ruwa, ta bar shi ya yi ta ɓararraka har ƙamshin ɗanyen gari ya tafi. Da za ta sauke a nan ta sa sukari, kunu za a sha. Abin da ke mayar da shi tuwo shi ne garin da ake ƙarawa a kai da kuma muciya. A tuƙa, a rufe ya sulala, a sake tuƙawa, a kwashe da mara, a malmala. Masu cewa tuwo shi ne duk abin da aka yi da gari, tuwon shinkafa ya ƙaryata su, domin babu gari a cikinsa, shinkafa ce aka dafa ta yi ligif aka tuƙa. Masu cewa tuwo shi ne duk abin da ake ci da miya, sai su gaya mana dalilin da ya sa ba a ce wa sakwara tuwo. Ana yanka ta loma-loma, ana dangwala miya, amma doya ce da aka kirɓa a turmi da taɓarya, muciya ba ta taɓa ta ba. A busar da doyar nan ko rogo a niƙa a tuƙa, sai ka ji an ce tuwon alabo. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana kan farantin 'yan talla: tuwon madara. Babu hatsi, babu miya, madarar gari ce da ruwan sukari, zaƙi ne zalla da yara ke saye. Me ya ba shi sunan tuwo? Tuƙin da aka yi masa a tukunya har ya kama jikinsa. An ce ba a sake wa tuwo suna, kuma da alama duk abin da muciya ta bi ta kansa shi ma ya gaji sunan.

Yanzu sai babban musu, wanda ke tashi duk lokacin da Bakano ya zauna da mutumin Bauchi. Waina da masa abu ɗaya ne ko biyu?

A je gaban mai toyawa a gani. Shinkafar tuwo gwangwani huɗu, a jiƙa ta awa shida ko ta kwana. A dafa wani gwangwani ɗaya daban ya yi laushi sosai, a haɗa su a kai markaɗe. Wannan dafaffiyar ita ke sa cikin wainar ya yi taushi, in babu ita sai ta fito da tauri da zarar ta huce. A sa yis cokali ɗaya, a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi. Da zafi awa uku zuwa huɗu ya tashi, da hunturu kuwa sai an ƙara haƙuri. Idan ya tashi a sa gishiri da sukari da yankakkiyar albasa, a ɗiga ruwan kanwa ko bekin hoda don a karya tsamin, a tsarma da ruwa har ƙullun ya riƙa zuba daga ludayi ba tare da ya tsinke ba. Tanda ta yi zafi, kowane gurbi a sa ɗan mai, a zuba. Gefe zai fara kamawa, saman ya yi huji-huji, sai a sa tsinke ko cokali a juya. Ƙullu ya yi kauri, waje ya soyu ciki ɗanye. Ya yi ruwa, ya sha mai ya ƙi tashi. Sukari ya yi yawa, ta ƙone tun ba ta nuna ba. Ƙullun ya wuce lokacinsa, tsami ya hana ci.

Duk wannan bayanin, mutumin Bauchi zai ce masa aka kwatanta, Bakano ya ce waina. Ƙullu ɗaya, tanda ɗaya, juyi ɗaya. Akwai masu ƙoƙarin raba su da cewa masa ta fi girma, ko waina ta shinkafa ce masa ta gero ko masara, amma wannan rabon ba ya tsayawa, tunda a Kano ana toya wainar gero kuma masar Bauchi da ta yi suna ta shinkafa ce. Bambancin bakin gari ne. Sai dai kalmar waina ta fi masa yawo, kuma yawon nata ya ƙara tabbatar da maganar aikin hannu. Akwai wainar ƙwai, akwai wainar fulawa da ake yi da manja a kasko. Babu mai cewa masar ƙwai. Abin da ya tara su shi ne a zuba abu mai ruwa-ruwa a mai, ya kama, a juya shi. Sinasir ya ƙara fito da wannan fili: kusan ƙullun waina ne aka ƙara wa ruwa, amma a shimfiɗe ake zuba shi a kasko, a rufe da murfi, saman ya nuna da tururi, ba a juya shi ko sau ɗaya. Juyin ya fita, sunan ma ya fita. Haka ƙosai da alale, wake ɗaya aka surfa aka markaɗa, wanda aka buga aka jefa a mai ya zama ƙosai, wanda aka sa wa mai aka ƙulla aka dafa ya zama alale.

A wajen nama ma haka abin yake, har ma nan ne aka yi mana wani kuskure da ya bazu. Mutanen kudu, da ƙasashen waje a bayansu, suna kiran tsire da "suya". Ga Bahaushe kuwa suya sai da mai a kasko, tsire gasa shi ake yi. A yanka naman falle-falle, a tsira a tsinke, a birgima a garin ƙuli da yaji, a yayyafa mai, a kafa tsinkayen kewaye da wuta a kan tukuba. Tsirawar ce ta ba shi suna. A cire tsinke da ƙuli, a gasa naman manya-manya a kan waya sannan a yanka wa mai saye, ya zama balangu. Kilishi kuma, wanda mutanen unguwar Agadasawa a Kano suka yi suna a kansa, rana ce ke yin mafi yawan aikinsa: a sami tsoka marar kitse, a feɗe ta siririya kamar takarda, a shanya ta bushe, a tsoma a kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta na ɗan lokaci. Idan aka bar kitse a jiki, ba ya jimawa yake warin mai.

Amma ma'aunin hannu ba ya cin kowace shari'a, kuma gaskiya ta wajaba a faɗa. Dambu na asali tsaki ne da ake turarawa a madambaci, a sauke a haɗa da zogale da albasa da attaruhu da mai, a mayar ya sake turaruwa. Kyansa ya fito a warware, in ruwa ya yi masa yawa ya cuɗe ya ɓaci. To dambun nama fa? Ba ya ganin madambaci. Dafa naman ake yi ya yi laushi, a daka, a soya ana juyawa har ya bushe. Warwarewar da ido ya gani ce ta sa aka ara masa sunan. Kunun aya ma haka. Babu hatsi, babu damu, babu wuta, aya ce da dabino da kwakwa aka markaɗa aka tace. A ƙa'idar madafa ya fi kusa da zoɓo, amma fari ne mai ɗan kauri, ga kunun zaƙi ya riga ya buɗe wa kunu mai sanyi hanya. Kunun zaƙin shi kam ɗan gida ne: ana dama rabin ƙullun da tafasasshen ruwa, a bari ya huce, a zuba ɗanyen rabin da aka markaɗa da dankalin Hausa ko tsiron hatsi, a bar shi ya kwana. Wannan ɗanyen ne ke narkar da kaurin ya mayar da shi zaƙi. In aka zuba shi da zafin bai sauka ba, aikin ya mutu. Ni dai a wurina kunun aya baƙo ne da aka ba masauki, ba na kuma neman a kore shi. A teburin mai shayi ma ai akwai wanda zai ce a haɗa masa shayi ba ganye, madara da Milo kawai, kuma kowa ya gane.

Gurasa kuwa, in don kayan haɗi ne, burodi ce: fulawa, yis, gishiri, ruwa. Kwaɓin ya tashi, a manna a jikin tanderu mai zafi. Amma ka aiki yaro ya sayo burodi ya dawo da gurasa, ka ga ko za ka karɓa. Ba a yanka ta a shafa bota. Tsoma ta ake yi a ruwa ta yi laushi, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa a yi bandashe, ko a ci da tsire ko miya. 'Yar'uwar burodi ce da ta tashi a wani gidan.

Kada a ɗauka irin wannan musun na majalisa ne kawai. A shekarar 1893 sai da Kotun Ƙolin Amurka ta zauna a kan tumatir, domin dokar lokacin ta sa harajin kashi goma cikin ɗari a kan kayan lambun da aka shigo da su, 'ya'yan itace kuwa babu haraji. 'Yan kasuwar da suka shigo da tumatir ɗin suka kawo hujjar masana tsirrai cewa tumatir ɗan itace ne tunda daga fure yake fitowa kuma yana ɗauke da iri. Kotu ta bi yadda mutane ke cin sa, ta ce kayan lambu ne. Kano ta yanke wannan hukuncin ba tare da alƙali ba: motar tumatir da tattasai 'Yan Kaba take nufa, ta lemo da ayaba ta nufi 'Yan Lemo, ta hatsi ta wuce Dawanau. Tumatir kayan miya ne, lemo kayan marmari. Yalo da gauta ne suka ƙi zama wuri ɗaya, ana gartsa su ɗanye, ana kuma jefa su a miya. Malaman fiƙihu su ma sun daɗe da irin wannan. Sun tattauna wanda ya rantse ba zai ci nama ba sannan ya ci kifi, ganin cewa Alƙur'ani ya kira abin da ake fitarwa daga teku nama a Suratun Nahli, aya ta 14, kuma sun saɓa a kan ko lafazin za a bi ko abin da mutane suka saba nufi. A zakkar amfanin gona, Malikiyya suna haɗa alkama da sha'ir wuri ɗaya wajen cika nisabi, amma gero da dawa da shinkafa kowanne da nasa lissafin.

Inda musun ya daina zama wasa a wurina shi ne ɗanwake, domin nan sunan da kansa ya yi alkawari. Na asali garin wake ne da garin rogo ko na dawa, da kuka, da ruwan kanwa. Kukar ce ke riƙe shi, in ta yi kaɗan sai ya narke a tukunya ruwan ya koma talge. Kanwa na sa shi laushi, in ta yi yawa ya yi duhu ya yi ɗaci. A kwaɓa ya yi danƙo, a riƙa gutsura ana jefawa a ruwan da ke tafasa. Zai nutse, ya taso, kumfa ta yunƙuro, a yayyafa ruwan sanyi ta kwanta, bayan kamar minti goma sha biyar a tsame a ruwan sanyi. Yau da yawan wanda ake sayarwa fulawa ce zalla da kuka da kanwa, ko ƙwayar wake babu. A ma'aunin hannu ya ci sunansa, tunda kwaɓin da jifan da tsamewar duk an yi. Amma mai saye da ya ji "wake" yana sa ran abin da wake ke yi wa ciki, na fulawa kuwa ba ya yin sa. Masu gaskiya a cikin masu sana'ar sun riga sun warware, suna cewa ɗanwaken fulawa, kuma haka ya kamata kowa ya riƙa faɗa. Wanda yake son ya tantance, ya raba guda ɗaya biyu kafin a sa mai da yaji: na fulawa santsi ne da shi, yana jan hannu kamar roba, na wake kuwa yana yankewa lokaci ɗaya, cikinsa da ɗan gari-gari, ƙamshin waken yana tashi.